Shanyar Faifai

Duk wanda ya taɓa kai kaset shagon Harisu da ke bakin tashar Daura don a juye masa a faifan sidi ya san ba a fita sai an sha huɗuba. Kana miƙa hannu zai janye faifan.

"Ba haka ake kamawa ba, Malam. Yatsa ɗaya a rami, ɗaya a gefe. Fuskar nan mai ƙyalli ba a taɓa ta. In ta yi datti, ka sami ƙyalle mai laushi ka ja daga tsakiya zuwa baki, kada ka zagaya kamar mai wanke kwano. Bayansa kuwa da kuke rainawa, a nan ran faifan yake, fatar ba ta kai ɓawon albasa kauri ba. Kada biro ya hau ta. Rana kuma, ko a mafarki kada ta gan shi."

Direbobin tasha har sun haddace, suna kwaikwayonsa a teburin mai shayi, suna ce masa Limamin Faifai. Shi ko a jikinsa. Ba su san da me ya sayi wannan ilimin ba.

Da can gyaran rediyo yake yi. A shekarun da aka fara shari'a, makarantun matan aure suka cika maƙil, matarsa Khairat ta shiga ta dage har ta sauke. Ranar walima makaranta ta ɗauko wani mutum daga Kano da na'urarsa, ya naɗi tilawar ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ya buga faifai ya sayar wa mazajen. Harisu ya sayi ɗaya. Khairat ba ta ma yarda a kunna a gabanta, sai ta rufe fuska ta ce muryarta kamar ta mai mura. Damina na zagayowa zazzaɓi ya ɗauke ta, ta bar masa 'yarsu Amatullah tana koyon tafiya.

A gida babu na'urar da ke cin faifai, don haka a aljihun teburin shago yake ajiye shi. In kasuwa ta yi sanyi sai ya saka a wata na'urar da aka kawo gyara, ya rage murya, ya zauna. Niyyarsa ɗaya ce: ranar da Amatullah ta yi wayo, ya zaunar da ita ya ce, ji muryar uwarki.

To, akwai Uwaisu, ɗan gwaggonsa Inno, direban da ke jigila tsakanin Daura da Zango da Baure. Taubasai ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Kuma kowa ya san taubashi: ya ɗauke maka hula a ka, ya cinye maka tsire, in ka ɓata rai kai ne abin dariya. Uwaisu kuwa ya mai da wannan wasa sana'a. Wata rana ya sa sabuwar rediyo mai cin faifai a motarsa, ya biyo ta shago Harisu yana masallaci, ya ja aljihun tebur, ya ga faifai, ya zura a aljihu ya kama hanyar Zango.

Harisu ya birkice shago, ya birkice gida, ya zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Sai da aka sha zafin bazara sosai sannan ya hango abinsa a gaban motar Uwaisu, ƙarƙashin gilashi, tsakanin goro da kwalbar man birki. Ya lanƙwashe, launinsa ya koɗe, fatar bayansa ta tattashi.

"Haba bawana," in ji Uwaisu yana dariya, "a kan wannan ɗan murfin kwano za ka ɗaure mini fuska? Tun sati na biyu ya daina yi. Zan sayo maka goma."

"Muryar Khairat ce," in ji Harisu.

Dariyar ta tsaya. Uwaisu ya sosa ƙeya, ya ce Allah ya jiƙanta. Sai kamasho ya ƙwala masa kira mota ta cika, ya shiga ya ja. Iyakarta ke nan. Ko a ce ya dawo da yamma ya durƙusa, bai yi ba. Da magana ta kai gaban manya, aka ce ai wasan taubashi ne, ba a kai shi zuciya. Inno ta dafa kan Harisu ta ce ya yafe wa bawansa. Harisu ya ce ya yafe, da baki.

Ya nemi wani kwafin har ya gaji. Mutumin Kano ya ɓace kamar an ɗauke shi, makaranta ba ta ajiye ko ɗaya ba. Mazajen sauran ɗalibai, wani yara sun yi wasa da nasa, wani ya rataye shi a gona yana korar tsuntsu, wasu sun tashi daga gari. Daga nan Harisu ya ajiye gyaran rediyo, ya sayi kwamfuta ta hannu, ya koyi duk abin da ke raya faifai da abin da ke kashe shi. Ilimi ne da ya zo bayan an rufe kabari. Amatullah ta girma har tana tambayarsa ko muryarta irin ta uwarta ce, shi kuwa abin da ya fi ƙona shi, ya fara kasa tunawa.

Wanda ya yi ya manta, wanda aka yi wa shi ke kwana da abin. Uwaisu yana nan yana shigowa shago da bawana a baki, Harisu yana amsawa, har ya saya masa shayi. Amma duk lokacin da ya ga wannan faffaɗan hannun yana dukan tebur don dariya, sai ya tuna faifan nan a lanƙwashe a gaban mota. Bai san yadda zai rama ba. Ya dai san bai mutu ba tukuna, kuma Uwaisu ma bai mutu ba.

Shekaru suka tura. Mijin Inno, Malam Ɗantsoho, ladanin da muryarsa ta daɗe tana tada mutanen unguwarsu a Zango, ya rasu. Bayan an share makoki sai ga Uwaisu a shago, ba dariya, da wani tsohon kaset a naɗe cikin hankici.

"Bawana, taimako na zo nema. Baba ne a ciki, tilawa da addu'a, wani azumi aka naɗa. Shi ke nan abin da ya rage. Rikoda ta fara cin zaren. Inno kullum da hantsi sai ta ji shi. Ka juye mana a faifai, wanda ba ya lalacewa."

Harisu ya karɓi kaset ɗin, ya ƙura masa ido. Uwaisu ya ɗauka tausayi ne.

Aiki kam ya yi shi kamar na sarki. Ya warware zaren inda ya cukurkuɗe, ya goge kan rikoda, ya juye muryar a kwamfuta, ya tace ƙarar da ke bayanta har tsohon ya fito tar kamar yana zaune a shago. Ya buga a faifai guda ɗaya. Sannan ya share ta daga kwamfuta. Sannan ya mai da kaset ɗin cikin rikoda, ya danna jan maɓalli, ya zauna yana kallon zaren yana juyawa yana naɗar shirun shago a kan muryar Malam Ɗantsoho, gaba da baya. Zuciyarsa ta ɗan ce masa tsohon nan bai yi maka komai ba. Ya ce da ita, Khairat ma ba ta yi wa kowa komai ba.

Da Uwaisu ya dawo, Harisu ya kunna masa. Ƙaton mutum ya zauna a benci ya sunkuyar da kai.

"Kaset ɗin fa ya gama aikinsa," in ji Harisu. "Tsohon zare haka yake, in aka tatse shi sau ɗaya ba ya ƙara magana. Yanzu wannan faifan shi ne Malam. Sai ka kula."

"Faɗa mini yadda zan yi. Wallahi duk abin da ka ce."

Harisu ya leƙa waje, ya ga ba kowa kusa, ya gyara zama. Shekara nawa yana wa mutane huɗubar gaskiya, amma bai taɓa jin daɗin wata kamar wannan ba.

"Da farko ka rubuta sunan Malam a bayansa, kada ya shige cikin na waƙa. Da biro, ka danna sosai, don tawadar alƙalamin nan na maka gogewa take. Na biyu, in ka ga ya dushe, toka mai laushi da tsumma, ka murza kana zagayawa kamar yadda Inno ke wa tasoshinta. Na uku, shi ne babba, danshi. Babu abin da ke kashe faifai kamar danshi. Duk bayan kwana biyu ka haura da shi rufi ka shanya, daga hantsi zuwa la'asar."

Uwaisu ya ɗaga kai. "Rana? Ba rana ce ta kashe wancan ba?"

Wancan. Shekara da shekaru bai taɓa ambaton abin ba, yau ya kira shi wancan, kamar wata tsohuwar taya. In da sauran ɗigon tausayi a zuciyar Harisu, nan ya ƙafe.

"Wancan gilashin mota ne da tururin fetur suka dafa shi," ya ce a hankali. "Ranar Allah a fili ai magani ce. Gero ba shanya shi kuke ba? Littattafan Malam fa, bayan damina ba fito da su ake a baza a tabarma ba? Me ka taɓa ajiyewa da bai son rana?"

Uwaisu ya gyaɗa kai. Ɗan manomi ne, a gidansu daga gyaɗa har rigar Sallah babu abin da ba a shanyawa. Maganar ta shige shi kamar ruwa a rairayi. Ya yi godiya, ya naɗe faifan a hankici, ya tafi.

Daga nan Harisu ya koma mai jira, kuma jiran ya yi masa daɗi. In ya fito da azahar ya ji rana tana dukan ƙeya, sai ya kalli gabas, wajen Zango, ya ji sanyi a ransa. Ranar da hadari ya rufe gari har haushi yake ji. Mutane suka ce Limamin Faifai ya fara fara'a, ko aure zai yi.

Ba a daɗe ba sai ga Uwaisu da damuwa. "Bawana, Baba ya fara in'ina. Yana cikin addu'a sai ya maƙale a kalma ɗaya, ya yi ta maimaitawa. Inno har ta yi kuka, ta ce ko a ciwon ajalinsa bai yi haka ba."

Harisu ya karɓa, ya ɗaga a haske. Sunan Malam Ɗantsoho ya nutse a bayan faifan kamar an sassaƙa, fuskar kuma duk zobban toka. Ya kunna, ya karkata kai yana sauraro kamar likita. Muryar da ya tace da hannunsa tana tuntuɓe, tana tsalle, tana komawa baya. Ya tuna Inno zaune a tabarma da hantsi, ya tuna kuma hannunta a kansa ranar da ta ce ya yafe. To, ita ma ta ɗanɗana yafiya.

"Danshi ne," ya ce. "Daminar bana ta yi nauyi. Kana shanyawa kuwa?"

"Duk bayan kwana biyu, kamar yadda ka ce."

"Mai da shi kullum. Ka sa shi a kan kwanon rufi, ya fi jan zafi."

Ramuwar gayya, an ce, ta fi gayya zafi. Harisu bai so abin ya ƙare da wuri ba. So yake Uwaisu ya ji muryar tana mutuwa kaɗan-kaɗan a hannunsa, ya yi ta hawa tsani yana saukowa yana ganin ƙoƙari yake. Kuma ya tanadi maganar da zai faɗa masa ranar ƙarshe. Ya jera ta, ya gyara, ya rage, yana maimaita ta a hanyar masallaci. Zai bar shi ya gama kuka tukuna, sannan ya gaya masa komai, tun daga jan maɓalli.

Ranar ta zo da kaka, ana ta shigo da damman gero gari. Uwaisu ya shigo wajen hantsi, ya zauna ba tare da ya ce bawana ba. Ya rame. Ya ajiye ƙunshin hankici a tebur ya kwance.

"Baba ya yi shiru."

Harisu ya ɗaga faifan wajen ƙofa. Haske yana ratsa shi ta ko'ina kamar rariya. Don cika aiki ya saka a kwamfuta, ta yi gurnani, ta tofo shi.

"Babu abin da za a iya?"

"Babu."

"A kwamfutarka fa, ko ya rage?"

"Ba na ajiye kayan mutane."

Uwaisu ya rufe fuska da hula. Kafaɗunsa suka kama rawa. Harisu ya jingina da kujera ya zuba masa ido, bai ƙifta ba. Ba zai ɓoye ba, daɗi ya ji, daɗi mai nauyi irin na wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya gyara murya.

"Uwaisu, akwai maganar da…"

"Na san me za ka ce." Uwaisu ya share fuska. "Hannuna ne. Ni ba a ba ni faifai ya rayu. Na kashe naka, yanzu na kashe namu. Tun ranar nan a tasha ban ƙara kallonka da ido biyu ba, Harisu. Kunya ce ta hana ni dawowa, sai na ɓuya a cikin wasa. Shi ya sa wannan karon ban tsallake ko kalma ɗaya daga abin da ka ce ba."

Harisu bai so jin wannan ba. Maganar da ya jera ta ɗan karkace, amma ya riƙe ta. Kunya ba ta dawo da murya.

"Bari dai in ba ka naka tun bai bi na Baba ba," in ji Uwaisu. Ya sa hannu a aljihun gaba ya fito da wani ƙunshin, wannan cikin farin ƙyalle sabo. "Shekarun nan duk macen da ta shiga motata in na ji ta yi makarantar matan aure a Daura sai na tambaye ta. Farkon damina na ɗauki wata daga Kwangwalam, ta ce yayarta tare suka yi sauka da Khairat, tana aure can cikin Nijar. Na tsallaka na same ta. Faifan walimar yana ƙasan akwatinta, cikin gidansa na roba, ko sau uku ba a kunna ba. Da ƙyar mijin ya yarda."

Harisu ya kafa wa farin ƙunshin ido.

"Na saka a mota a hanyar dawowa. Wallahi tana farawa sai da na gangara gefen titi na kashe mota. Tar take, Harisu, kamar tana kujerar baya. Na so in wuto nan kai tsaye, sai na sansana shi, duk warin akwati da danshi. Na ce a'a, ba zan kawo maka abu da ciwo a jikinsa ba, sau ɗaya ya isa. Na haɗa shi da na Baba. Duk ranar da na haura da ɗaya sai na haura da ɗayan. Na so sai ya bushe sarai in kawo wa Amatullah da hannuna."

Ya kwance ƙyallen. Fuskar faifan ta sha toka har ta yi fari-fari. Ya juya shi da alfahari ya nuna bayan. An rubuta KHAIRAT da manyan baƙaƙe daga wannan gefe zuwa wancan.

"Sau biyu na bi rubutun, don ya zauna."

Harisu ya karɓa, yatsa ɗaya a rami, ɗaya a gefe. Ya saka a kwamfuta. Ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Can sai ga hayaniyar mata, ga shugaban makaranta yana sallama, muryarsa tana yankewa tana dawowa. Ɗaliba ta farko ta yi tilawa da tuntuɓe. Harisu ya san jerin kamar tafin hannunsa. Akwai wata mai siririyar murya, daga ita sai Khairat. Ya kama bakin tebur. Mai siririyar murya ta fara, ta kai tsakiya, ta maƙale a harafi ɗaya, ta yi ta nanata shi, ta yi ta nanatawa. Sai ƙit.

Ya fitar, ya hura, ya goge da auduga daga tsakiya zuwa baki, ya mayar. Ya gwada tsallakewa gaba. Ya gwada a ɗaya na'urar. Wannan karon ko sallamar shugaban makaranta ba ta fito ba. Ya ɗaga faifan wajen ƙofa, rana ta ratso ta cikin sunan matarsa, harafi bayan harafi, ta sauka a fuskarsa.

Uwaisu ya matso yana leƙe, hankalinsa a tashe.

"Jiya ma ya kai wajenta, wallahi, sai dai in'ina. Ko danshin ne bai gama fita ba? Bari ka gani, yanzu rana ta yi kyau, rufin shagon nan ma kwano ne."

Harisu ya buɗe baki. Maganar da ya yi wata da watanni yana jerawa tana nan a kan harshensa, ta gaskiyar ma, cewa ranar ce ke kashe faifai, tana nan, amma babu wadda ta fito. Uwaisu ya zare faifan daga hannunsa a hankali, ya fita neman tsani.